Shagon Baba Na-sani

Akwai wani dattijo mai shagon kayan gyaran mota da makanikai ke kira Baba Na-sani, saboda da wuya ka ƙarasa magana bai ce maka "na sani" ba.

Shagon dogo ne mai duhu, kantoci har rufi, ga sito a baya cike da kwalaye. Filogi, fanbel, fatar birki, noti iri-iri, babu abin da aka rubuta wa suna. Komai a kansa yake. Shekara goma sha biyu ƙanensa yana aiki tare da shi, amma har yanzu sai ya ce, "Yaya, ina fatar birkin ƙaramar motar nan?"

Shi kuwa sai ya amsa ko kai bai ɗaga ba: "Kanta ta uku, bayan kwalin fitila." Daɗi yake ji idan an tambaye shi.

'Yarsa ɗaya ce, aiki ya kai ta gari mai nisa ita da mijinta. Ta haifi 'ya mace, har yarinyar ta shekara huɗu bai taɓa ɗaukarta ba. Da farko rashin lafiyar jaririyar ya hana su doguwar tafiya, daga baya hutu ya yi wuya. Matarsa ta je sau uku. Shi kullum amsarsa ɗaya: "In na tafi, wa zan bar wa shago?"

Amma hoton jikar yana manne a jikin kanta. Idan kasuwa ta yi sanyi sai ya zuba masa ido, ya share ƙurar da babban yatsa.

Wata rana 'yar ta aiko da kwali: na'urar sikana mai karanta lambar kaya, ƙaramar kwamfuta, da injin buga takardun liƙawa masu baƙaƙen layuka. Ta kira shi ta yi bayani.

"Baba, kowane kaya a liƙa masa lambarsa. Ana haska shi, kwamfuta za ta faɗi inda yake da nawa ya rage. Kawu ma zai iya riƙe shagon."

"Na sani," in ji shi. "Amma ni shekara talatin kaina bai taɓa neman caji ba."

Ya tura kwalin ƙarƙashin tebur, ya mai da shi wurin ɗora ƙafa.

Bayan wata biyu wani bakanike ya zo neman famfon ruwa na wata tsohuwar mota, mai motar na tsaye yana jira. Baba Na-sani ya ce ya ƙare tun bara. Mutumin ya yi yawon kwana biyu kafin ya samu a wani wuri. Ranar da ƙanen ke share sito, sai ga kwali da irin famfon guda shida a ciki, ko leda ba a ɓare ba. Ya ajiye a gaban yayansa ya koma shara.

Da yammacin ranar 'yarsa ta kira ta bidiyo. Jikar ta leƙo, ta ƙura masa ido, sannan ta juya ga uwarta.

"Mama, shi Kaka a cikin waya yake zaune? Ba ya fitowa?"

Uwar ta yi dariya. Shi ma ya yi, amma da aka kashe wayar ya daɗe zaune hannunsa a kan gwiwa. Makanikai biyu suka shigo suka fita bai san sun zo ba.

Washegari ya jawo kwalin da kansa.

"Kai, zo ka buɗe abin nan."

"Wurin ɗora ƙafar taka, Yaya?"

"Ka buɗe dai, ban da surutu."

Sati uku suka yi suna aikin. Shi yana faɗin sunan kaya da motar da yake shiga, ƙanen yana rubutawa, injin yana fitar da takarda, suna liƙawa. Sun gano kayan da ya yi ta sarowa alhali suna jibge a sito, da waɗanda ya rantse suna nan amma sun ƙare tuntuni. Duk kwalin da suka gama, sai ya ji kamar an sauke masa wani abu daga ka, ya kuma ji kamar an ɗauke masa wani abu.

Ranar da aka kammala, direba ya shigo neman fanbel. Ƙanen ya danna kwamfutar, ya je kai tsaye ya ɗauko, ya haska, na'urar ta yi ƙara. Allon ya nuna saura biyu, ya kamata a saro. Ba wanda ya tambayi Baba Na-sani komai.

Satin da ya biyo baya, Baba Na-sani ya shiga mota zuwa garin 'yarsa.

Da ya isa, jikar ta ɓuya bayan zanen uwarta. Kwana biyu tana leƙensa daga bakin ƙofa. 'Yarsa ta riƙa nuna masa bidiyon ranar da ta fara rarrafe, da ranar da ta fara takawa tana faɗuwa. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a sake sakawa. Sannan ya ce a hankali, "Duk wannan ina can ina gadin noti."

A rana ta uku yana zaune a tabarma bayan la'asar, yarinyar ta zo da kanta, ta taɓa gemunsa, ta ce yana da ƙaiƙayi. Ta kwantar da kai a cinyarsa, barci ya ɗauke ta. Ƙafar ta yi masa tsami har ya daina jin ta.

"Baba, kawo in kwantar da ita a ɗaki."

"Bar ta," in ji shi. "Ba inda za ni."

Darasi: Sanin da ka ƙulle a kanka kai kaɗai, kai yake ɗaurewa. Ka tsara sana'arka yadda za ta tsaya ko ba ka nan, kada ka raina sabon abu don kawai ba da shi ka taso ba. Kaya suna iya jira a kanta, yara ba sa jira. Ku tura wa duk mai shagon da ya daɗe yana cewa "sai wani lokaci".