Bushiya da Ɗan Tarwaɗa Mai Azumi

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama!

Ta zo mu ji ta, Baba!

Bushiya ce ta sayi akwatin gilashi, ta zuba ruwa da 'yan kifin kawara biyar, kowace kamar ƙaramin yatsa. Ta ga ruwan ya yi musu yawa, sai ta tafi rafi neman na shida. Ta tarar da Dila riƙe da ɗan tarwaɗa a ƙwarya.

"Yaya Bushiya, ga marayan Allah," in ji Dila. "Tsawonsu ɗaya da 'yan kifinki, ga kunya."

Bushiya ta ga gashin bakinsa, ta ce ai wannan dattijo ne, zai yi wa yaranta tarbiyya. Har ta ɗauki ƙwaryar, sai Kwaɗo ya leƙo daga ruwa.

"Maƙwabciya, kya sayi rago ba ki buɗe bakinsa ba? Kifi ma bakinsa ake dubawa. Duk wanda zai shige ciki, abinci ne."

Dila ya ce, "Haba Kwaɗo, yaron da ke azumi?"

Kwaɗo ya kamo ƙatuwar fara ya jefa a ƙwaryar. Mai azumi ya wage baki, haf! Ko ƙafa bai bari ba.

Bushiya ta zauna daɓas, ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi! Farar nan ta fi yarana ƙiba."

Kwaɗo ya zaɓo mata wata kawara mai baki kamar kafar allura. Da safe ta ƙirga, shida cif, suna ta iyo.

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa! Wanda ya ce ƙarya na yi, ya sa masa yatsa a baki.