Kifin Tekun da Inusa Ya Kulle a Ɗaki

Akwai wani direban babbar mota a Madarumfa, cikin shekarun casa'in, sunansa Inusa. Hanyarsa Maraɗi zuwa Kwatano. Mutum ne mai neman na kansa, ba ya cin haƙƙin kowa, amma wallahi akwai raini. Tun da ya ga teku da idonsa, duk wanda bai taɓa wuce Ɗan Issa da ke bakin iyaka ba ɗan ƙauye ne a wurinsa.

A wata tafiya, wani anasara da yake yi wa dakon kaya zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa akwatin gilashi na kiwon kifin teku. Ya haɗa masa da duwatsun ruwa masu rai, da injin hura iska, da fitila shuɗiya, da buhun gishirin teku. Ya ce masa kifayen nan ruwan gishiri kaɗai suke rayuwa a ciki, kuma kada a tsoma hannu mai sabulu, kada a dame su sai sun saba da sabon wuri.

Inusa fa ko kaza bai taɓa kiwo ba. Amma ya ce ya gane, ya ɗoro kaya.

Ya iso gida bayan azahar. Kun san halin mutanenmu, mota ba ta tsayawa ƙofar gida a bar mai ita shi kaɗai. Maƙwabta suka fito taya sauke kaya, Shu'aibu masunci yana gaba, don katanga ɗaya ce tsakaninsu.

"Sannu da hanya, Inusa. Kawo mu kama maka."

"Kada wanda ya taɓa! Ku ja baya!"

"Ikon Allah. To mi ne ne haka an naɗe da bargo kamar gawa?"

"Ko na gaya maka ba ganewa za ka yi ba. Kai da ba ka san komi ba sai tarwaɗa."

Ku ji fa! Mutum ya zo taya ka aiki, ka watsa masa ƙasa a ido. Shu'aibu ya sunkuyar da kai ya koma. Sauran suka tsaya daga nesa suna kallo, leburori biyu da Inusa ya ɗauko daga Maraɗi suna ta shiga da bidoji cike da ruwan teku da bokitai a rufe. Aka kai komai ɗakin baya, Inusa ya danna kwaɗo.

Matarsa Hajara tana da ciki a lokacin, ya fara nauyi. Da ta tambaye shi abin da ke ɗakin, sai ya ce, "Ke ma kin fara? In lokaci ya yi kin gani."

Gaskiyar magana, tsoro ne ya cika shi. Ruwan akwatin ya yi duhu, kifi ba sa cin abinci, shi kuma bai san inda ya kuskure ba. So yake sai komai ya yi kyau ya buɗe, gari ya sha mamaki. Amma wa ya san wannan? Shi kaɗai.

Abin da Hajara ta sani shi ne, injin wuta ba ya mutuwa a gidanta. Ta san wani haske shuɗi yana lasar ƙasa ta ƙarƙashin ƙofar nan ko da rana tsaka. In ta zo wucewa sai ta ji ɓul-ɓul-ɓul, kamar wani abu yana numfashi a cikin ruwa. Kullum mijinta yana yanka ɗanyen kifi ƙanana-ƙanana, ya shige da shi, ya fito hannu wayam, fuska a murtuke.

Wata safiya ta hango shi bayan gida yana tona rami, ya binne wani abu a tsumma, yana waige-waige. Kifi ne guda ya mutu, kunya ta hana shi jefarwa a bola. Ba Hajara kaɗai ta gani ba.

Daga nan in ta je rijiya sai hira ta mutu. Wadda suke gaisawa da dariya ta koma ja wa 'yarta hannu in ta hango ta. Indo, matar Shu'aibu, ita ce ƙawarta ta ƙut-da-ƙut, ita ta ja ta gefe.

"Hajara, ni ba zan ɓoye miki ba. Cewa ake mijinki ya ɗauko abin ruwa daga bakin teku. Irin wanda ke ba mutum dukiya, shi kuma ya ba shi jini."

"Haba Indo! Mutumin da ba ya wasa da salla?"

"To ke kin ga abin da ke ɗakin?"

Hajara ta girgiza kai.

Indo ta sauke murya, ta kalli cikinta. "Kuma an ce da na gida yake farawa."

Tun daga ranar Hajara ba ta sake cin abinci ya zauna mata ba. In ɗan cikinta ya motsa sai gabanta ya faɗi. In bai motsa ba, nan ma ya faɗi. Ta daina bi ta gaban ɗakin, sai ta zagaya ta bayan rumbu tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta roƙi Inusa har da hawaye. Ya ce jahilcin mutanen garin nan ne yake damunta.

Ana haka, Shu'aibu ya nutse a tabkin garin wajen kamun kifi. Da ƙyar aka tsamo shi da sauran numfashi. Da ya farfaɗo, ya ce wani abu ne ya riƙe masa ƙafa a ƙasan ruwa. Mai yiwuwa tsohuwar raga ce ko ciyawa, amma ranar babu mai tunanin raga. Kowa cewa yake abin ɗakin Inusa ne.

Bayan la'asar Indo ta leƙo ta katanga, ko kallabi babu a kanta.

"Hajara, ki fita! Ga su nan zuwa, har da mai bidon fetur!"

Kafin ta rufe baki, hayaniya ta cika lungu. Masunta da sanduna, samari da duwatsu, Mai unguwa Mahaman yana gaba ya ware hannuwa yana ta ba da haƙuri, ba mai jin sa. Inusa ya tsaya a bakin zaure.

"Inusa, don girman Allah ka buɗe ɗakin nan a gani," in ji Mai unguwa.

"Gidana ne! Ba ɗan da ya isa..."

Dutse ya same shi a goshi. Ya zube. Hajara ta ji warin fetur, ta ga wani yana laluben ashana a aljihu.

Ta durƙusa kan mijinta, ta zaro makulli daga aljihunsa. Ita kanta ba ta san abin da za ta tarar ba. Ta dafe cikinta da hannu ɗaya, ta yi bisimilla, ta buɗe.

Ɗakin duk shuɗi. Ga akwatin gilashi, ga duwatsu a ciki, a kan ɗaya wani abu kamar furen nama mai yatsu da yawa yana lilo shi kaɗai. Jama'a suka danno. Abin ya tsuke yatsunsa gaba ɗaya.

"Ga ta nan! Ta gan mu!"

Wani ya kai wa gilashin gora. Ruwa ya kwararo bisa ƙafafun mutane, aka yi baya da salati ana tattake juna.

Sai kuma aka tsaya ana kallo. A ƙasa, cikin fasassun gilasai, 'yan kifaye ne suke ta tsalle. Wani rawaya, wani ja da farin zane, babu wanda ya wuce tsawon yatsa.

Mai unguwa ya sunkuya ya duba. "Wanga ne dodon?"

Mai bidon fetur ya ajiye shi a hankali ya sulale.

Indo ce ta fara durƙusawa. "Wayyo, 'yan bayin Allah! Ku kawo ƙwarya!" Mata suka ruga randa suka ɗebo ruwa, aka yi ta tsintar kifin ana sakawa. Mutanen da suka zo ƙona gida, su ne yanzu suke yanke yatsu a gilashi don ceton kifinsa.

Inusa ya rarrafo, jini ya rufe masa ido ɗaya. Da ya ga ƙwaryar sai ya kwarma ihu.

"Ba ruwan randa ba! Ruwan gishiri suke sha!"

Aka duba buhun gishirin teku, ruwa ya narkar da shi a ƙasa. Bidojin ruwan teku kuwa Inusa ya daɗe da juye su a akwatin. Wata ta kawo gishirin miya aka barbaɗa da ka, ba wanda ya san gwargwado. Kafin kiran magariba duk sun juya ciki sama.

Indo ta ce a hankali, "Ai da mun sani, Inusa."

Hajara tana goge masa jini da bakin zanenta.

"Maigida, ni matarka, na yi ta jin tsoron kada ka ba da ɗan da ke cikina. Ashe duk a kan kifi ne?"

Inusa mai bakin da ba ya mutuwa, ranar sai ya sunkuyar da kai yana kallon ƙwaryar.

Darasi: Wanda ya raina mutane har ya ga ba su isa ya yi musu bayani ba, ya sani za su yi wa kansu bayanin, kuma mafi muni za su zaɓa. In kana koyon sabon abu, faɗi cewa koyo kake, ba mutuwa ba ce. Ku kuma masu ɗaukar sanda kan "an ce", ku ji tsoron Allah, saura ƙiris a kashe mutum kan abin da ko miya ba zai yi ba. Ku tura wa 'yan uwa labarin nan, musamman wancan naku da kullum amsarsa ita ce "ba za ku gane ba."