Kurɓin Bakin Ƙofa

An yi wani mutum a tsibirinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa suna nan. Shi ne mai raba wasiƙu. Shekara ashirin da shida jar motarsa tana bin hanyar bakin teku, kuma duk wanda ba shi da abin hawa, ita yake shiga.

Ranar jajibirin sabuwar shekara, kowane gida sai an miƙa masa kurɓin barasar wuski a bakin ƙofa. Haka muka tarar. Da hukuma ta rage yawan barasar da direba zai sha ya tuƙa, gidaje suka koma ba shi shayi da biskit.

"Shayi? Jego nake yi?" in ji shi. "Na san awona tun masu dokar nan suna cikin tsumma."

A jajibirin shekarar nan, gida uku suka ji kunyarsa, suka zuba masa. Ya 'yan uwa, wannan kunyar alheri ce?

A gida na ƙarshe ya ɗauki tsohuwa Peigi. Ɗanta Tormod zai sauka daga jirgin ruwa da rana, bayan shekara goma sha ɗaya a Kanada. Ta sa hularta ta coci, ta rungume kek ɗin da ta gasa masa.

"Ɗan nan, warin me nake ji?"

"Haba Inna Peigi, hanyar nan ko idona a rufe sai in kai ki."

"To buɗe shi dai. Ina da wanda zan gani."

A kwanar da ke gangarawa tashar jirgi, tumaki suka shigo hanya. Tumakin da kullum yake kauce wa. Ran nan ƙafarsa ta makara. Mota ta faɗa kan duwatsu.

Tormod ya tsaya a tasha da akwatinsa har kowa ya watse. Duk motar da ta ɓullo sai ya ɗaga hannu.

Peigi ba ta tashi ba. Mutumin ya rayu. Da ya fito daga kurkuku bai iya dawowa ba. Yana wani ɗaki a birnin Glasgow, inda ba a jin ƙarar teku. Duk ƙarshen shekara yana rubuta wa Tormod wasiƙa, tana komo masa ba a buɗe ba.

Ya 'yan uwa, barasa ba ta fara cin ƙafa, awon mutum take fara ci. Wanda ya sha da wanda ya zuba, wa zai ce hannunsa fari ne?

Allah ya kiyaye mu, ya sada kowace uwa da ɗan da take jira.