Malam Tanimu Mai Tsintar Duwatsu a Filin Jirgi

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari can arewa mai nisa, sunansa Malam Tanimu. Ku matso, ku saurara. Mutanen garin manoman barkono ne da gyaɗa. Ba su da babban asibiti, ba su da hanyar kirki, in damina ta yi nisa kogi kan raba su da sauran duniya. Abin da suke da shi ɗaya ne: ɗan filin jirgi na jar ƙasa a bayan gari, inda ƙaramin jirgi kan sauka duk Alhamis da likita da magunguna.

Aikin Malam Tanimu a filin nan ba babba ba ne a idon mutane. Kullum bayan sallar asuba yakan ɗauki kwando ya taka filin daga wannan kai zuwa wancan. Ya tsince duwatsu, ya rushe shurin da gara ta fara, ya cike ramin gafiya, ya kori awaki. Don kuwa an gaya masa dutse ɗaya, kamar ƙwan kaza, ya isa ya karya farfelar jirgi. 'Yarsa Dije takan bi shi wani lokaci, tana riƙe masa kwandon.

Ana nan sai jirgi ya daina zuwa. Jami'in filin ya tattara kayansa zai koma birni, ya ce, "Malam Tanimu, a bar filin a share. Ba mu san ranar ba."

Ya ce, "In Allah ya yarda."

Wata ɗaya, wata uku, wata bakwai, babu jirgi. Shi kuwa kullum yana tafe da kwandonsa. Samari suka sa masa suna Sarkin Jirgin Da Ba Ya Zuwa. In sun kira shi haka, sai ya yi murmushi ya ce, "Na amsa."

To, ku saurara, ga inda jarrabawar take. Kaka ta yi, barkono ya yi albarka irin wadda aka daɗe ba a gani ba, ga shi ruwa bai gama ɗaukewa ba. Kun san barkono, in bai samu shanya ba, kwana kaɗan ya ruɓe. A duk garin kuma babu wuri mai faɗi da tauri da tsabta kamar filin jirgi.

Wata safiya sai ga yayansa, Mamuda, da jakuna huɗu ɗauke da barkono.

"Tanimu, matsa mu shanya."

"Yaya, ban da nan."

"Ban da nan? Wa kake jira? Ko tsuntsu ya daina bi ta saman garin nan."

"Amana ce, Yaya. In na bar ka, gobe gari duka zai zo, kuma barkono ba ya kwasuwa cikin minti biyar."

"Ni da na goya ka a bayana?"

Malam Tanimu ya sunkuyar da kai, don maganar ta taɓa shi. Ya ce, "Mu je gida. Tsakar gidana da rufin ɗakina naka ne."

Haka aka yi. Ya kwashe nasa barkonon ya zuba a buhu, ya shimfiɗa na yayansa. Mamuda ya karɓa, amma ya daina amsa masa gaisuwa. Kwana biyar, barkonon Malam Tanimu ya yi baƙi a buhu. Matarsa Lantana ta buɗe, ta toshe hanci, ta ce, "Malam, bana sai mu yi miya da duwatsun da ka tara."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Lantana."

Ta ce, "Na yi. Amma sai na faɗa."

A filin ma Dije ta tambaye shi, "Baba, wa zai sani in ba ka zo ba?"

Ya ce, "Ni zan sani. Allah kuma ya riga ni."

Ran nan da hantsi, ba Alhamis ba ce ma, sai aka ji ƙara daga kudu. Jirgi ya zo ya kewaya sau ɗaya, ya yi ƙasa ƙasa, ya sake kewayawa, sannan ya sauka lafiya. Ashe kububuwa ce ta sari wata mata mai goyo a gonar gyaɗa, malamin ɗakin shan magani ya hau dutsen da ake samun waya ya nemi taimako. Aka yi mata allura a gindin jirgin, aka ɗauke ta da jaririnta. Ta rayu.

Kafin ya tashi, matuƙin ya tambaya, "Wa ke kula da filin nan?"

Aka nuna Malam Tanimu, yana tsaye can gefe da kwandonsa.

Matuƙin ya je ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Baba, an ce mini filin nan ya mutu. Na ce zan duba, in na ga ko tabarma a kai, zan juya. Makon jiya na juya daga wani gari, dawa suka shanya a filinsu."

Malam Tanimu ya ce, "Aikina ne."

Daga ranar, in mutanen garin sun je kasuwar wani gari, sai ka ji suna cewa, "Filinmu ai ko allura ba ka tsinta." Har da waɗanda suka yi dariya. Barkononsa dai bai dawo ba, kuma sai bayan sallah Mamuda ya fara amsa gaisuwa. Ba na so ku ɗauka riƙon amana ba ya ciwo. Yana ciwo.

Amma 'ya'yana, kowannenku akwai filin da aka ba shi. Wani aji aka ba shi ya share, wata ƙaninta aka bar mata, wani shagon mutum yake tsaro mai shi ya yi tafiya. Ku riƙe shi ranar da babu mai kallo, ku riƙe shi ko da wanda kuke jin nauyi ne ya ce ku saki. Ba ku san ran wa ke rataye a kai ba.

Dije kuwa, abin da ta gane a ranar shi ne: jirgin bai sauka don sharar safiyar nan ba, ya sauka ne don babanta bai taɓa tsallake ko rana ɗaya ba.