Kibod Mai Fitilu da Muryar Inna

Akwai wani mutum da ake kira Sarkin Yatsu. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa, har ya buga sunan a bayan riga don kada a manta. Yana taɓa kiɗa kam, amma bakinsa ya fi yatsun gudu. Ga rashin zama wuri ɗaya, ko shayi yake sha ƙafarsa na rawa.

Ranar wata Talata likita ya ce za a yi wa Innarsu aiki a maƙogwaro. Za a kwantar da ita Laraba ƙarfe huɗu na yamma, kuma bai ɓoye musu ba, mai yiwuwa muryar ba za ta dawo yadda take ba.

Inna tana da wata waƙa da ta yi rainonsu da ita su shida. Babbar yayarsu, mai ɗinki, ta ce a ɗauki waƙar a waya kafin a tafi.

"A waya?" in ji Sarkin Yatsu. "Yaya, kina da ƙane irina kike maganar waya? Da kiɗa za a yi, a makirfo, a kwamfutata."

Inna ta yi murmushi. "Shekara nawa kana cika mana kunne, Auta? To ina so in ji hannunka ƙarƙashin muryata ko sau ɗaya ne."

Matsalar ita ce kibod ɗinsa na kiɗa ya mutu tun ranar da ya ɓarar da shayi a kansa. Irin na midi ne, wanda ba shi da sautin kansa, sai an jona shi da kwamfuta ya riƙa faɗa mata abin da yatsu suka taɓa.

Da safiyar Laraba ya faɗa shagon wani dattijo mai sayar da kayan kiɗa da gyaransu. Dattijon ya saurari buƙatarsa, ya jawo wani ƙaramin baƙin kibod da ya ɗan koɗe a gefe.

"Zauna ka gwada, ɗana. Taɓa kowane maɓalli a hankali, sannan ka buga da ƙarfi. In yana jin bambanci, naka ne."

Sarkin Yatsu ya kwashe da dariya. "Baba, tsakani da Allah, kai da kibod ɗin nan wa ya girmi wani?"

"Zauna dai."

Ina! Idonsa ya riga ya tsallaka titi. A shagon da ke kallonsu akwai wani dogo fari, fitilu ja da kore suna bin juna a jikinsa, ga maɓallai kamar za a tuƙa jirgi. Ko jona shi bai bari an yi ba. Ya biya, ya saɓo shi a kafaɗa, ya bi ta ƙofar dattijon da gangan yana ɗaga masa hannu.

Ƙarfe ɗaya aka zaunar da Inna a ɗakin ɗinkin Yaya, aka rufe taga, aka rataye bargo a ƙofa. Ta fara waƙar can ƙasa-ƙasa, da 'yar muryar da ciwo ya rage mata.

Ya ɗora yatsa a hankali. Sai ji aka yi GWAM! Inna ta zabura.

Ya sake lallaɓawa kamar mai shafa kan jariri. GWAM! Ashe kibod ɗin bai san lallashi ba. Ka taɓa, ka buga, ka naushe shi, ƙara ɗaya yake bayarwa. Ya rage sauti, kiɗan ya koma kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa. A karo na uku gwiwarsa ta ɗan taɓa tebur, wayar da ta haɗa kibod da kwamfuta ta motsa a raminta, komai ya ɗauke. Fitilun ma suka mutu.

Tari ya sarƙe Inna, har da hawaye. Yaya ta miƙa mata ruwa, ta juyo.

"Ranka ya daɗe Sarkin Fitilu, ka gama? Maƙogwaron nan bai fi waƙa sau ɗaya ya rage masa ba. Ni zan ɗauka a wayata."

Inna ta ɗaga hannu. "A jira shi."

Ƙarfe biyu da kwata ya fita da gudu, takalmi ƙafa ɗaya nasa, ɗaya na Yaya. Ya samu dattijon yana ɗaure wani ƙaramin noti, hankali kwance.

"Baba, don Allah, baƙin nan! Ba ni in tafi!"

"Wanne? Tsohon nan sa'ana?"

"Baba, na tuba."

Dattijon ya jona kibod ɗin da kwamfutarsa, ya turo masa kujera da ƙafa. "Ba ya fita shagona ba a gwada ba. Maɓallai arba'in da tara ne. Fara daga hagu."

Sarkin Yatsu ya dubi agogo, ya dubi ƙofa, ya zauna a bakin kujera kamar an zuba mata ƙaya. Ya taɓa na farko, ya buga. Na biyu. Gumi na bin bayansa. Ya tsallake uku, dattijon ya ce, "Koma." Ya koma.

Wajen na ashirin ƙafarsa ta daina rawa. Ya ji abin da bai taɓa tsayawa ya ji ba: in ya sassauta yatsa, sautin yana fitowa siriri kamar numfashi.

"Yanzu girgiza wayar," in ji dattijon. Ya girgiza, ko gezau.

Uku da minti goma ya iso gida. Mota na ƙofa, jakar asibiti na cikinta, direba na danna ham. Inna tana nan kan kujerar, ba ta motsa ba.

Ya jona, ya ɗaga mata kai. Ta fara, ya bi ta a baya, in ta yi ƙasa ya yi ƙasa, in ta tsaya shan iska ya jira ta. Yaya ta cusa bakin mayafi a baki. Sau ɗaya aka yi, daga nan sai mota.

An yi aiki lafiya, amma muryar Inna ta koma raɗa. Farin kibod kuwa yana ɗakin Yaya, da fitilunsa take zura zare a allura.

Ranar da aka sallamo Inna, Auta ya kunna mata waƙar. Ta saurara har ƙarshe ido a rufe, sannan ta yafito shi. Ya kawo kunnensa daf da bakinta.

"Ashe ka iya magana a hankali," in ji ta.

Darasi: Kada ƙyalli ya zaɓar maka kayan aiki. Zauna ka gwada da hannunka, kuma ka saurari wanda ya riga ka sanin abin, domin akwai ranar da dama ɗaya tak za ka samu. Ku tura wa masu gaggawar da kuka sani, wataƙila su zauna.