Bunsurun da Ya Dawo Daga Jeji

A zamanin da, can a ƙasar Bani Isra'ila, an yi wani sarki mai suna Elzabad. Allah ya ba shi son gaskiya, amma bai ba shi kwanciyar rai ba. Ba ya cin komai sai an ɗanɗana masa, in an ɗanɗana kuma ya tsaya yana nazarin fuskar wanda ya ɗanɗana.

Al'adar mutanen nan ita ce, sau ɗaya a shekara, ranar kafara, a kawo bunsuru biyu gaban babban firist, wato shugaban masu miƙa hadaya. Sai a jefa ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa a yanka shi domin Ubangiji, a shiga da jininsa wuri mafi tsarki. Ɗayan kuwa firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a kaf, sa'an nan a kai shi jeji a sake shi, ya tafi da su. Daga nan kowa ya koma gida da zuciya wasai.

To, a wata shekara aka yi haka, kome ya tafi daidai. Kwana uku bayan nan, da hantsi, sai ga bunsurun ya shigo ta ƙofar gari, ƙugunsa duk ƙarangiya. Kasuwa ta watse, mata suka kwashe 'ya'yansu. Shi ko bai kula kowa ba, ya bi lungu kamar mai komawa gida, ya je ya kwanta a ƙofar Yedaya, babban firist, tsohon da ya zuba wa sarki mai a kā ranar naɗinsa.

Fada ta cika. Waziri Ahira ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ni ba na zargin kowa. Amma zunubin gari guda ya dawo, ya wuce ƙofa dubu, ya zaɓi guda ɗaya. In hannun da aka ɗora masa ba mai tsarki ba ne, ina laifin dabba?"

Ku kuwa masu sauraro, ya kamata ku sani, bara waziri ya kawo ragon hadaya mai hakiya a ido, Yedaya ya mayar masa da shi a bainar jama'a, domin ba a miƙa mai aibu. Tun daga ranar waziri ke gaishe shi da murmushin da ya fi na da faɗi.

Sarki ya dubi tsohon, ya ji kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "Baba Yedaya, me kake ɓoye mana? In ba ka wanke kanka ba, za a tuɓe maka rigar aiki, ka bi bunsurun nan jeji."

Abin ya yi wa Yedaya zafi ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Amma ya daure, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba marar laifi ba ne, shi ya sa nake fara miƙa bijimi domin kaina kafin in taɓa na jama'a. Sai dai shekara talatin ina ɗora hannu a kan bunsuru, kowanne fizge kai yake yi. Wannan kuwa lasar tafina ya yi. Ka ba ni kwana uku. A ɗaure shi bayan gari, a ba shi ciyawa da ruwa, kada a ba shi kome ban da su."

Waziri ya ce, "Kwana uku sun isa mutum ya tsallake iyaka."

Sarki ya ba da kwanakin, ya kuma sa dogarai a ƙofar firist. Bayan ya yi tunani, ya sa wasu dogaran su riƙa lura da waɗancan.

Ran kwana na uku aka fita bayan gari da sassafe. Yedaya ya roƙa manyan fada duka su zauna a jere, kowa ya buɗe tafinsa a kan gwiwa, har da sarki. Wai! Ba a taɓa ganin manya sun yi zuru haka ba. Kowa na tuna abin da ya aikata a ɓoye, kowa na satar kallon na kusa da shi. Sarkin ma gumi yake yi, don shi ya san nasa.

Aka kwance bunsuru. Ya wuce Yedaya ko waiwaye bai yi ba. Ya sunsuni yatsun sarki, sarki ya runtse ido, bunsurun ya wuce. Da ya hangi waziri, wanda ya riga ya janye hannunsa ya cusa cikin riga, sai ya yi kuka ya ruga, ya tura baki cikin hannun rigar yana nema.

Waziri ya miƙe yana kakkaɓewa. "Sammu ne! Ranka ya daɗe, tsohon nan ya yi mini sammu!"

Yedaya ya ce, "Kanwa yake nema, ranka ya daɗe. Akwai wani kango jikin gidana, wata biyu ke nan ina jin kukan awaki a ciki, na ɗauka na maƙwabta ne. A je a buɗe."

Aka buɗe, aka tarar da turke biyu da kwamin dusa da guntun kanwa. Ashe waziri, da yake shi ke kawo dabbobin kafara, duka biyun ya turke a nan, don duk wanda ƙuri'a ta bari ya san hanyar lungun. Da yake kuma bai yarda da ko bawansa ba, da hannunsa ya riƙa ba su kanwa. Ran da bunsurun ya dawo daga jeji, ya tarar da kango a rufe ne, ya kwanta a inuwar ƙofar da ke kusa.

Yedaya ya ce, "Ahira, ka furta da bakinka. Akwai hadaya ga wanda ya furta."

Waziri ya kau da kai, ya ce shi ba shi da abin furtawa. Sai sarki ya sa aka danƙa masa igiyar bunsurun, ya ce, "Mai kai shi jeji yakan wanke tufafinsa ya dawo gari. Kai kam ka kai shi, kada ka dawo."

Kashegari sarki ya zo bakin bagade, wato wurin miƙa hadaya, da nasa bunsurun marar aibu, ba rawani, ba maroƙa. Ya ɗora hannu a kansa, ya ce da ƙarfi kowa na ji, "Na zargi wanda ya shafe ni da mai, ba tare da hujja ba." Yedaya ya yanka, ya shafa jinin a ƙahonin da ke kusurwoyin bagade. Bayan haka aka miƙa hadayar salama, wadda ake ƙona kitsenta domin Ubangiji, mutane su ci naman tare a gabansa.

Da aka zauna, tsohon ya yago tsoka ya miƙa wa sarki. Mai ɗanɗano ya matso da sauri kamar yadda ya saba. Sarki ya ɗaga masa hannu, ya karɓa daga hannun Yedaya, ya ci.