Jigon Baba Nomau

An yi wani mutum a wani gari na bakin fadama, tun zamanin da ba a san injin ban-ruwa ba. Kada ku tambaye ni sunan garin. An faɗa mini, amma ni yanzu ko hular da ke kaina sai na neme ta. Sunan bawan Allahn nan Nomau. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba. Lambun albasa gare shi, da jigo, wato doguwar sandar nan mai guga da ake ɗebo ruwa da ita daga rafi.

Yana da maƙwabci, Jatau, ɗan wani amininsa da ya rasu. Jatau ya faɗa shan burkutu har ta fi ƙarfinsa. Matarsa ta kwashi 'ya'ya ta koma gidan iyayenta. An yi masa wa'azi, an ba shi rubutu, yayyensa har mari suka sa masa a ƙafa, suka kulle shi a ɗaki. Ranar da aka kwance shi, ko takalmi bai tsaya nema ba, ya nufi gidan giya.

To ku saurara. Nomau ya lura da abu ɗaya: da safe Jatau lafiya lau yake, sai dai kunya. Amma da rana ta karkata, gida ya yi tsit, babu mai kiran sunansa, sai ƙafa ta ɗauke shi. Saboda haka ana idar da azahar Nomau ya yi masa sallama.

"Jatau, taimako na zo nema."

Jatau ya waiga, ko da wani ake. "Ni, Baba?"

"Da wani Jatau a gidan? Jigo aikin mutum biyu ne, ɗaya na ɗiba, ɗaya na buɗe wa ruwa hanya zuwa fangalin albasa. Ni kaɗai nake yi, in ɗiba in ruga, kamar mai korar kaji. Gwiwa ta gaji."

"Baba, hannuna rawa yake yi."

"Albasar ba ta sani ba. Ɗauko fartanya."

Suka gangara fadama. Farkon abin bai yi daɗi ba. Jatau ya yi gumi, ya yi amai, ya kwanta gindin mangwaro yana zagin duniya. Nomau bai ce masa komai game da giya ba. Da ni ne, da na buɗe masa wa'azi tun daga ƙofar gida, kafin mu kai rafi ya gudu. Shi kuwa sai hirar mahaifin Jatau, da yadda ya taɓa faɗawa rafin nan da sabuwar riga. Kafin magariba Jatau ya gaji liƙis, ya ci tuwo a zauren Nomau, ya yi barci. Gobe haka, jibi haka. Ƙafa cikin laka, rana a ƙeya, ga mutum a gefe.

Sai jarrabawa ta zo. Nomau ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, ya bar wa Jatau lambu. Tsoffin abokan shan Jatau suka biyo masa. Da Nomau ya dawo, ya tarar irin da zai dasa ya ƙone ƙurmus don rashin ruwa, Jatau kuma yana gidan giya, kunya ta hana shi fitowa.

Mutane suka ce, "Ai mun faɗa maka."

Ku saurara da kyau. Dattijon da bai taɓa bin lungun mashaya ba, da rana tsaka, kowa na gani, ya je ƙofar gidan giya ya yi sallama.

Wani mashayi ya ce, "A'a, Baba Nomau! A zubo maka ne?"

"Na gode. Abokin aikina na zo kira."

Jatau ya fito, kai a ƙasa. "Baba, na kashe maka iri."

"Na gani. Sauran fangalin na da rai, kuma ƙishirwa suke ji. Mu je."

"Ba za ka yi mini faɗa ba?"

"Wanda kake yi wa kanka ya ishe mu, mu biyu."

Gari ya ɗauka cewa Nomau ma ya fara kurɓa. A masallaci aka riƙa matsawa daga gefensa. Ya koma sahun baya, ya ce nan ma alƙibla ɗaya ce.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Jatau ya sake zamewa, ba sau ɗaya ba. Duk zamewa, Nomau na bakin ƙofa. Har wata rana ya yi sallama, shiru, ɗaki babu kowa. Ya juya zai nufi lungun nan, sai ya jiyo kukan jigo daga fadama. Ya gangara, ya tarar da Jatau yana ɗiba yana rugawa, kamar mai korar kaji.

"Baba, ka makara."

Kafin a cire albasar shekarar, matar Jatau ce ke kawo musu fura lambu.

Jama'a, darasin a fili yake. Wanda shaye-shaye ya kama, kulle shi da ƙyamarsa kaɗaici suke ƙara masa, kuma kaɗaicin ne ke mayar da shi. Yana bukatar magani, yana bukatar addu'a, yana kuma bukatar wanda zai fito da shi sarari ya ce, "Ina bukatarka." Kowanenmu ya san wani Jatau, wani ma a cikin gidansa yake. Ba ku da jigo, na sani. Akwai gona, akwai filin ƙwallo, akwai hanya. Ni da tumbin nan, likita ma ya ce in riƙa tattaki. Gobe bayan azahar, kowa ya je ya yi sallama. In bai fito ba, a koma jibi. Allah Ya ba mu haƙurin tsayuwa a bakin ƙofa.